Waƙa ta Ɗaya a Ordinatar Malam Yosefu

Akwai wani dattijo a wani gari na ƙasar Madawa, ana ce masa Malam Yosefu. In kun taɓa kai marar lafiya asibitin mishan na yankin a shekarun baya, da wuya a ce ba ku gan shi ba. Shi ne dogon mutumin nan mai hular saƙi da ke zaune bakin taga yana buga sunaye da tafireta. Sai ya tambaye ka sunanka, da na ubanka, da na garinku, ya kuma dube ka ta saman tabarau kamar ka zo neman auren 'yarsa.

Shekara talatin da huɗu ya yi a bakin wannan taga. Amma mutanen gari da waƙa suka fi saninsa. Shi ne jagoran mawaƙan majami'a tun tana ginin laka, tun ana shimfiɗa tabarmi a ƙasa, maza gefe guda, mata gefe guda.

Kai, jama'a, wanda bai ji waƙar wancan lokaci ba an yi babu shi! Babu piyano, babu lasifika. Ƙwarya ce a kife cikin tasar ruwa, mata suna bugawa, sai caki, sai tafi. Malam Yosefu ya ja baiti da muryarsa mai kauri, mata su amsa, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga baya. Har masu ban ruwan albasa a fadama, waɗanda Musulmi ne, sukan ajiye guga su ɗan saurara. Mu da muka tashi a lokacin, har gobe in muka tuna sai zuciya ta yi mana wani iri.

Yawancin waƙoƙin shi ya tsara su, da Hausar Adar tsantsa, wadda babu a kowane littafi.

Da ya yi ritaya, aka ba shi wata tsohuwar kwamfuta, ordinatar kamar yadda muke cewa a nan, wadda aka daina aiki da ita a biro, wato ofishin asibitin. Tsoho ya ce ba zai mutu da waƙoƙinsa a ciki ba. Ya sayi ɗan mikro, ya shiga ɗaki, ya yi shekara uku yana ɗaukar muryarsa. Waƙa ɗari da goma sha biyu, kowace da fishiyenta, wato fayil ɗinta, kowace da lambarta. Da ya gama a shekarar 2019, ya zuba su a kile, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ya kai wa fasto ajiya.

Malam Yosefu yana da 'yar fari, sunanta Salome. Kun dai san al'adarmu da ɗan fari. Addini ya sauya, amma kunyar nan tana nan daram. Bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa yaba mata a gaban mutane ba. Daga "ke" sai "yarinyar nan". Amma tun tana shekara shida, ita ce ke riƙe masa caki, kuma kowa ya san muryar gidan ita ta gada.

Salome ta girma, ta tafi Yamai karatun jinya, ta sami aiki a can. Ta zama jagorar mawaƙa a wata babbar majami'a mai piyano da gita da ganguna. Mutane suka yi ta yabonta, kai kuma ya ɗan kumbura. Ba zagi na yi ba, wa ya tsira daga wannan?

A Kirsimatin 2019 ta zo gida da matasan ƙungiyarta da kayan kiɗansu. Bayan sujada, ana cikin taron cin abinci a filin majami'a, suka ɗauko waƙar da Malam Yosefu ya fi so, waƙa ta ɗaya a jerinsa, mai suna "Fako zai yi tsiro". Suka sa mata gudu, suka sa mata gita, matasa suka tashi da rawa har ƙura ta tashi.

Tsoho ya miƙe, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ba haka take ba."

Da Salome ta yi shiru, da magana ta mutu a nan. Amma mikro yana bakinta, kuma jama'a suna kallo. Ta yi dariya ta ce, "Baba, zamanin ƙwarya ya wuce."

Aka fashe da dariya. Ba don mugunta ba, haka taro yake. Malam Yosefu ya gyara hularsa, ya bi ta tsakanin mutane ya fita. Daga ranar bai ƙara jan waƙa a majami'a ba.

Shekara huɗu uba da 'ya ba su yi wata magana ta kirki ba. In ta kira waya, uwarta Matta ce ke ɗauka. In ta ce a ba shi, sai Matta ta ce, "Shina gaishe ki." Ita ma Salome da taurin kai irin nasa, sai ta ce, "Ina amsawa," ta kashe.

Amma abin yana cin ta. A ƙarshen Oktoba na 2023, bayan an gama girbin gero, ta rufe kanta a ɗaki a Yamai, ta kife ƙwarya cikin bokitin ruwa, ta rera "Fako zai yi tsiro" yadda ya koya mata, ita kaɗai, ba mai amsawa. Ta ɗauka a waya, ta sa wa fishiyen suna "Baba ka yafe", ta zuba a katin memwar. Ta naɗe katin a takarda, ta ba wani direban motar albasa ya kai gida.

Matta ta ce tsohon ya karɓi katin, ya juya shi, ya jefa a aljihu.

Wata ɗaya, shiru. Wata uku, shiru. Wata bakwai, shiru. A farkon Yuni na 2024, da ruwan shuka ya sauka, aka buga mata waya cewa ya faɗi a tsakar gida an kai shi asibiti. Kafin kar ta Yamai, wato motar safa, ta iso da ita, rai ya yi halinsa.

Salome ta yi kukan mutuwa kamar kowa. Amma akwai wani kukan da ba ta nuna wa kowa ba. Abu ɗaya take son sani: ya saurara, ko kuwa ya tafi kabari da fushinta?

Bayan an watse daga zaman makoki, ta shiga ɗakinsa. Ta zazzage aljihunan rigunansa, ta duba cikin Littafi Mai Tsarki, ta duba gwangwanin da yake ajiye allura da maɓallai. Babu kati. Ta kunna ordinatar, ta rubuta "Baba ka yafe" a wurin nema. Babu. Ta rubuta "Salome". Babu. Ta rubuta "Yamai". Nan ma babu.

Ta zauna bakin gado ta ce a ranta, shi ke nan, ya jefar. Daga nan baƙin ciki ya koma fushi.

Washegari ta ce wa fasto ta ba lakwal ɗin majami'a, wato makarantarta, ordinatar, yara su koyi rubutu. Waƙoƙin ai yana da su a kile tun 2019, babu abin da za a rasa. Sai dai a nemo mai gyara ya share ta tas kafin Litinin, domin ranar Lahadi da rana za ta koma Yamai.

Mai gyaran da ake kira a yankin shi ne Rabi'u. Mutumin Garhanga ne, Musulmi, mai kamar shekara arba'in, yana da ɗan shago kusa da kasuwar Madawa. Shi ke duba wa Malam Yosefu na'urar tun ranar da aka ba shi ita. Mutum ne mai sanyi, irin waɗanda in ka ce su yi sauri sai ka ga kamar ka ƙara musu nauyi.

Ranar Asabar da hantsi ya iso bisa moto, wato babur. Ya durƙusa ya yi wa Matta gaisuwa, ya ce, "Inna, ina haƙuri? Allah shi ba ku dangana. Malam uba ne gare mu duka." Ya daɗe yana gaisuwar har Salome ta fara duba agogo.

Da suka shiga ɗakin, ta nuna masa na'urar da baki. "Malam Rabi'u, ga ta nan. Share ta duka. Minti nawa za ka yi?"

"Sharewa ba ta da wuya, ɗiyar Malam. Minti goma. Amma ki bar ni in duba tukuna."

"Ka duba mi? Na duba, babu komi sai tsohin waƙoƙi, kuma hwasto na da su."

Ta kai hannu za ta kunna don ta nuna masa. Rabi'u ya tare maɓallin da tafin hannunsa.

"Tsaya kaɗan. Da kinka duba, kin buɗe wata waƙa kin saurara?"

"Ko guda. Ba ni iya jin muryar shi yanzu."

"Madalla. Kin yi abin kirki ba ki sani ba."

Ya ciro wata kile daga aljihu, ya soka, sannan ya kunna. Maimakon hotuna da ƙananan akwatunan da ta saba gani, sai ga baƙin allo, da wani ɗan farin layi yana ƙyaftawa.

Salome ta ja tsaki. A asibitin da take aiki a Yamai, masu gyara da sababbin na'urori suke zuwa, ba wanda ke wannan rubutun na zamanin da. Ta ce, "Wanga baƙin allo kuma na mi ne? Ka lalata ta tun ba ka hwara ba?"

Rabi'u ya yi murmushi, bai ji haushi ba. Ya ce ya shiga ne ta ƙofar da ake kallo kawai, ba a taɓa komai. Ya ce duk fishiyen da aka buɗe, na'ura takan rubuta ranar, ta goge ranar da ke wurin a da.

"Babana Gado, Allah shi jiƙan shi, mai bin sawu ne," in ji shi. "In raƙumi ko tunkiya ta ɓace a Garhanga, shi aka kira. Abin da yaka hwara cewa in ya zo shi ne, kowa shi tsaya inda yake. Ya ce masu son dabba su ka take sawunta, don sun hi kowa gaggawa. Ni ban gaji raƙuma ba, wanga aiki na koya, amma dokar guda ce."

Salome ta kau da kai. Ta naɗe hannu a ƙirji, ta jingina da bango.

Ya rubuta date, ya danna. Kwanan wata da lokaci suka fito. Ya gwada da wayarsa, ya ce agogon na'urar minti bakwai kawai ya yi gaba. Ya ce dole a fara da wannan, don in agogo ya rikice, duk ranakun da za a gani ƙarya ne.

Ya rubuta df -h. Wasu layuka suka fito masu nuna yawan abin da ke cikin faifan ajiya da wurin da ya rage. Ya ce, "To, rumbun Malam ya kusa cika. Bari mu ga damman da ke ciki."

Ya shiga dosiyen waƙoƙi, wato jakar da suke ciki a na'urar, ya rubuta ls -l. Sunaye suka zubo, layi bisa layi, ɗari da goma sha biyu. Kowane layi da wasu haruffa a farko, da girman fishiyen, da ranar da aka yi shi. Rabi'u ya sa yatsa a jikin allo yana bi a hankali daga ƙasa zuwa sama, kamar mai tsintar tsakuwa a cikin wake.

Salome ta duba agogo karo na huɗu. A waje Matta tana daka, tattabarun Malam suna kuka bisa danga. Ɗakin yana warin tsohuwar takarda da man zafin da yake shafawa a gwiwa. Warin ne ya fi damunta, shi ya sa take son a gama ta fita.

Yatsan Rabi'u ya kai layin farko, ya tsaya.

"Ɗiyar Malam, taho ki gani."

"Mi ne ne?"

"Dubi nan. Duk waƙoƙin ga, daga ta biyu har ta ƙarshe, tsakanin 2017 da 2019 anka yi su. Girmansu kusan guda. Amma ta ɗaya, dubi ranarta. Kuma ta yi ukkun kowace girma."

Ta matso ba da son ranta ba. Sunan dai shi ne "001 Fako zai yi tsiro".

Rabi'u ya nuna mata haruffan farkon layin. Kowane fishiye yana da harafin w, alamar ana iya sauya shi. Wannan kaɗai ba shi da shi. An kulle shi, sai dai a saurara kawai.

Ya rubuta stat, ya bi shi da sunan fishiyen, ya danna. Layuka kaɗan suka fito. Ya ce wannan shi ne cikakken bayanin fishiye, kamar takardar haihuwarsa. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Wagga ita ce ranar da anka halicce shi: tara ga Nuwamba, 2023, ƙarhe takwas da kwata na sahe. Wagga ranar da anka kulle shi: ita ce dai, da la'asar."

Ya dafa goshi. "Af! Na tuna. Cikin watan nan Malam ya kira ni. Ya ce in koya mishi yadda aka kulle abu don kar wani shi taɓa. Rabin awa muna waya, ina cewa danna nan, shina cewa bai gani ba. Na ce wane abu ne, ya ce ba ruwana."

Salome tana lissafi da yatsu. Direban albasa ya bar Yamai ranar ashirin da tara ga Oktoba. Kwana goma sha ɗaya ke nan tsakani.

"Layin can na sama hwa?" ta tambaya.

"Ranar ƙarshe da anka buɗe shi. Ukku ga Yuni na bana, ƙarhe shidda da minti goma sha tara na sahe. In an cire minti bakwai na agogo, shidda da sha biyu."

Uku ga Yuni ita ce ranar da ya faɗi a tsakar gida, wajen azahar.

Rabi'u mutum ne mai tsoron Allah, bai yarda ya ƙara gishiri ba. Ya ce, "Ki ji ni da kyau. Na'ura ba ta ce wa ya buɗe ba, ba ta ce mi ke ciki ba. Ta ce an buɗe, shi ke nan. Bari in duba maƙwabtan shi, ko wani abu ne ya bi ta kansu duka."

Ya yi stat a kan ta biyu, da ta uku, da ta hamsin, da ta ƙarshe. Duk rabon da a buɗe su tun 2019. Wannan ɗaya ce kawai ake ta komawa gare ta.

To, ku da kuke karantawa kuna cewa ai magana ta fito. Amma zuciyar mai laifi ba haka take lissafi ba. Salome ta ja da baya, fuskarta ta sauya.

Ta ce, "Na gane. Ya ji tawa, ba ta yi mishi ba. Shi ne ya sake rera ta da kai nai, ya kulle, don kar in ƙara ɓata mishi ita. Haka Baba yake. Malam Rabi'u, share ta. Na roƙe ka. In na ji wanga abu, ba ni ƙara yin barci."

Rabi'u ya ɗauke hannunsa daga na'urar, ya ɗora a gwiwa.

"Na'ura taku ce, ba tawa ba. Amma wagga waƙa ba ta cikin kilen hwasto, don bayan shekara huɗu anka yi ta. In na share, ta tahi ke nan, duniya duka babu wata. Abin da mutum ya kulle da hannu nai, ni ba ni share shi sai magada sun ji mi ke ciki. In kin ji kin ce in share, wallahi ina sharewa gabanki."

"Kai ba ka san shi ba!"

"Awo, ban san shi kamar ke ba. Amma na san mutum ba shi tashi da sassahe shi buɗe abin da ke ɓata mishi rai."

Ba su lura an daina daka ba. Matta tana tsaye bakin ƙofa, da garin gero a hannuwanta. Ita kullum tun asuba take fita sayar da kunu a ƙofar asibiti, ba ta dawowa sai hantsi, saboda haka ba ta san abin da mijinta ke yi a ɗakin nan da safe ba.

Ta ce, "Rabi'u, kunna."

"Inna..." in ji Salome.

"Ke, yi mani shiru. Mijina ne kahin shi zama ubanki. Kunna, ɗana."

Rabi'u ya tabbatar musu ranar nan ta uku ga Yuni ba za ta goge ba, tunda ta ƙofar kallo ya shiga. Ya jona ɗan lasifika, ya rubuta layi ɗaya, ya danna.

Da farko ƙarar kujera aka ji, da tari. Sai ƙarar maɓalli, irin na ƙaramar rediyon nan mai cin katin memwar. Sai ga kiɗan ƙwarya cikin ruwa, siriri, daga nesa. Sai muryar mace:

"Fako, fako, wa ya ce ba ka tsiro?"

Salome ta toshe baki da hannu biyu. Muryarta ce, ta ɗakinta na Yamai. Ya sa katin a rediyo, ya ajiye rediyon gaban mikro.

A wurin da ta bari fili, inda babu mai amsa mata, sai ga wata murya kusa-kusa, mai kauri, ta tsufa, tana ɗan rawa:

"Mai ruwa na tahe, mai ruwa na tahe."

Matta ta zame jikin ƙofa ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Yesu mai ceto! Shekara arba'in ina tare da mutumin ga, ban taɓa jin ya yi ma wani amshi ba. Ko babban hwaston da ya zo daga Maraɗi, cewa ya yi shi ba shi bin bayan kowa."

Waƙa ta ci gaba, 'ya tana ja, uba yana amsawa. Da aka kai baiti na uku, sai suka saɓa. Ita ta yi gaba, shi yana baya. Aka ji ƙas, ya tsayar da rediyo.

"Ke, kin yi garaje. Tun kina ƙarama nike hwaɗa miki, baiti na ukku ba a kora shi. Mu sake."

Salome ta fashe da dariya da kuka a haɗe, har majina. Faɗan nan ne dai, wanda ta yi shekara huɗu tana marmarinsa.

Aka ji ya mayar da waƙar farko. Suka sake tafiya tare, lafiya lau, har baiti na uku. Nan ma ta tsere masa. Ƙas!

"Ohoo! Yarinyar ga ba ta ji. Mu sake."

Matta tana share hawaye da gefen zane, ta ce, "Ji tsohon banza. Rediyo ce hwa, ina za ta rage gudu? Ko sau ɗari ya maida, haka za ta zo."

Rabi'u ya sunkuyar da kai, shi ma idanunsa sun kawo ruwa. Yanzu ya gane abin da ya sa fishiyen ya yi ukun sauran.

Karo na uku ya fara. Baiti na ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Salome ta riƙe numfashi, ta damƙe hannun uwarta. Baiti na uku ya zo, muryarta ta cikin rediyo ta ɗauki gudunta kamar kullum.

Wannan karon ba a ji ƙas ba. Tsoho ya ja numfashi, ya ɗaga murya, ya ƙara sauri, ya kamo ta. Suka tafi tare har ƙarshe, yana haki, amma bai sake ta ba. Ƙwarya ta yi bugun ƙarshe ta tsaya.

Amma fishiyen bai ƙare ba tukuna. Ana jin numfashinsa, ana jin tattabaru a waje. Sai ya yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa, ya ce:

"To, tahi hakanan. Ina biye da ke."

Fishiyen ya ƙare a nan.

Salome ta kife kanta a cinyar uwarta, tana cewa, "Baba, Baba." Rabi'u ya tashi a hankali ya fita tsakar gida, ya ba su wuri.

Da ta fito, idanunta sun kumbura. Ta durƙusa har ƙasa a gaban mutumin da ta yi wa tsaki ɗazu. Ta ce, "Malam Rabi'u, minti goma na ba ka. Da ka bi maganata, da na kashe ubana sau biyu."

Darasi: Kada ka yanke wa mutum hukunci don ka nemi abu inda kake zato ba ka gani ba. Iyayenmu da yawa ba su iya cewa "na yafe" da baki ba, amma suna faɗa ta wata hanya, sai mai haƙuri ke gani. Kafin ka share, kafin ka yanke zumunci, kafin ka ce wane ya tsane ni, tsaya ka duba da kyau, kuma kada ka raina mai aikin da ya ce maka "bari in duba tukuna". In kuma naka tsohon yana raye, kada ka tsaya aika saƙo, tashi ka je da ƙafarka. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, musamman wanda kuka san ya daɗe bai gaisa da gida ba.